Masana'antar Tace Yuraniyom: Wa Zai Ba Da Kuɗin?

Tun daga watan Yunin 2025, lokacin da mahukuntan soja na Jamhuriyar Nijar suka ba da sanarwar cewa kamfanin haƙar yuraniyom na Somair da ke Arlit ya zama mallakin ƙasa, maganar wannan ma'adini ta shiga bakin matasa a ƙasar Katsina. A teburin mai shayi a Dutsin-Ma, ko a inuwar 'yan acaɓa a Kurfi, da wuya hira ta kai ga Nijar ba a ji wani ya ce: to, tunda an kori Faransa me kuma ya rage? Ai sai a kafa masana'antar tace shi a Agadas ko a Maraɗi, a daina miƙa wa Turawa ɗanye, Nijar da Nijeriya su wadata da lantarki. Wani kuma ya ƙara da cewa ai Iran ta yi, kuma ba ta fi kowa kai ba.

Babu mai adalcin da zai zargi waɗannan matasa a kan murnar da suke yi. Tun 1971 ake fitar da yuraniyom daga Arlit, aka ƙara da mahaƙar Cominak a Akokan a 1978, ana haskaka biranen Faransa da shi, alhali ita ƙasar da ake haƙowa a cikinta tana sahun ƙarshe a duk wani ma'aunin jin daɗin rayuwa. Ƙungiyar Oxfam ta yi lissafi a 2013 cewa a shekarar 2010 yuraniyom ne kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ta sayar a waje, amma bai kai kashi 6 na arzikin da ƙasar ta samar ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin takaicin ma, hatta wutar da ake kunnawa a Maraɗi da Damagaram, layinta daga Katsina ya tashi. Da Nijeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ƙasar yuraniyom cikin duhu ta kwana, domin kusan kashi 70 na lantarkinta daga nan take saye. Ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Wanda duk bai ji zafin wannan zalunci ba, to ya binciki zuciyarsa.

Sai dai zafin zuciya ba ya aza tubali. Tambayar da ba a cika yi a majalisun ba ita ce: nawa ake kashewa a kan irin wannan masana'anta, wa zai ba da kuɗin, kuma me zai nema kafin ya bayar?

Ya kamata ɗan uwa mai karatu ya fara sanin mene ne tacewar da ake magana. Yuraniyom ɗin da ke cikin ƙasa iri biyu ne a cakuɗe. Wanda ke ba da wuta, mai lamba 235, bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, wato a mudu dubu, mudu bakwai ne kacal. Mafi yawan tashoshin lantarki na nukiliya kuwa suna buƙatar ya kai kashi 3 zuwa 5. Abin da ake yi a Arlit shi ne a farfasa dutse, a niƙa, a wanke da sinadarai, a fitar da wani gari ruwan ɗorawa a ɗura a ganguna. Wannan gari ko ashana ba zai kunna ba. A da manyan motoci ke jan sa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a kai shi Faransa, a sarrafa shi a Malvési, sannan a wuce da shi Tricastin, inda ake mayar da shi iska a zuba a cikin dubban na'urori masu juyawa kamar katantanwa, dare da rana, shekara da shekaru ba tsayawa, har a ware mai nauyi daga marar nauyi. Wannan mataki shi ne tacewa, kuma a nan ne ikon yake.

Kusan duk tacewar da ake yi don kasuwa a duniya tana hannun kamfanoni huɗu: Rosatom na Rasha, wanda shi kaɗai ke riƙe da kimanin kashi 40, da Urenco na haɗin gwiwar Ingila da Holan da Jamus, da Orano na Faransa, da CNNC na Sin. A lura da waɗanda ba sa cikin jerin. Kazakistan ita ke haƙo kusan kashi 40 na yuraniyom ɗin duniya, sama da tan 20,000 a shekara, amma ba ta da masana'antar tacewa a ƙasarta. Kanada ba ta da ita. Ostareliya ba ta da ita. Namibiya, wadda ta fi Nijar fitarwa, ba ta da ita. Ita Nijar a 2022 tan 2,020 ta fitar, kimanin kashi 4 na duniya. Idan har mallakar ma'adini ne ke kawo masana'anta, da waɗancan sun riga kowa.

A duba kuɗin. Masana'antar Georges Besse II da ke Tricastin ta ci sama da yuro biliyan 3. An fara gini a 2006, ta soma aiki a 2011, ba ta kai cikakken ƙarfinta ba sai 2016. Shekara goma ke nan kuɗi na kwance. Kafin nan ma sai da kamfanin Areva, wanda daga baya ya koma Orano, ya biya yuro miliyan 500 ya sayi rabin kamfanin da ke ƙera na'urorin daga hannun Urenco, domin ita Faransa da kanta ba ta da irin wannan fasahar a matakin kasuwa. A watan Oktoban 2023 Orano ya yanke shawarar faɗaɗa masana'antar da kashi 30 da 'yan kai, a kan yuro biliyan 1.7. Faɗaɗawa ce fa kawai, a filin da tuni akwai hanya da wuta da ma'aikata da lasisi. Idan aka juya wannan kuɗi zuwa naira a canjin 2025, ya haura ninki uku na ilahirin kasafin kuɗin Jihar Katsina na wannan shekarar, wanda ya ɗara naira biliyan 680: albashi, asibitoci, makarantu, hanyoyi, taki, komai da komai. Duk da haka Orano bai ɗauki nauyin shi kaɗai ba, sai da Bankin Zuba Jari na Turai ya ranta masa yuro miliyan 400 a 2025.

To a ƙaddara Nijeriya ko Nijar za ta ciyo bashin dala biliyan 3 don wannan aiki. A watan Disambar 2024 da Nijeriya ta shiga kasuwar bashi ta duniya, kuɗin ruwan da aka ɗora mata ya kai kashi 9.6 zuwa 10.4 cikin ɗari. Ko ba a zo maganar haramcin riba ba, lissafin kaɗai ya isa tsoratarwa. Kashi 10 na biliyan 3 shi ne dala miliyan 300 duk shekara, kafin a taɓa uwar kuɗin, kuma tun kafin na'ura ɗaya ta fara juyawa. Yuraniyom ɗin da Nijar ta fitar gaba ɗaya a 2022, ko da an sayar da shi a dala 80 kowace laba, zai kama dala miliyan 420 ne ko kusa da haka, kuma daga ciki ne za a biya ma'aikata, a sayi sinadarai da mai da kayan gyara. Wato kuɗin ruwa kaɗai zai lamushe mafi yawan cinikin. Wannan kuwa farashin Nijeriya ne. Nijar, wadda takunkumin 2023 ya sa ta kasa biyan wasu basussukanta a kan lokaci, da wuya a ba ta a kan haka. Wani zai ce ai akwai sukuk. Gaskiya ne gwamnatin tarayya ta tara naira biliyan 100 ta hanyar sukuk a 2017 ta zuba a hanyoyi. Amma duk wata hanyar halal ta tara jari tana buƙatar kadarar da za ta haifar da haya ko riba a raba. Masana'antar da ba ta da mai saye me za ta haifar?

A nan ne gizo ke saƙar. Mutumin Kurfi da ke son kafa injin casar shinkafa, duk wanda ya je wa neman jari zai tambaye shi: wa zai kawo maka shanshera, wa zai sayi wadda ka casa? Haka abin yake a wannan kasuwa, sai dai masu sayen ba su da yawa. Yuraniyom ɗin da aka tace ba a kasa shi a faranti. Masu tashoshin nukiliya ne kawai ke saye, su kuma suna ƙulla yarjejeniyar shekaru masu yawa da wanda suka sani. Banki ba ya ba da kuɗi sai ya ga waɗannan takardu. A duk faɗin Afirka tashar nukiliya ɗaya ce ta daɗe tana ba da lantarki, ita ce ta Koeberg a Afirka ta Kudu, tun 1984. Ita Afirka ta Kudun ta taɓa gina masana'antar tacewa a zamanin mulkin wariyar launin fata, don gudun takunkumi. Da takunkumin ya kau sai ta rufe ta a 1995, saboda sayowa daga waje ya fi mata arha nesa ba kusa ba. Masar kuwa ta fara gina tashar El-Dabaa a 2022 da bashin dala biliyan 25 daga Rasha, kuma a cikin yarjejeniyar Rasha ce za ta riƙa kawo makamashin tsawon rayuwar tashar, shekara 60. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Yarjejeniyoyin da Nijeriya ta sa wa hannu da Rosatom a 2017, a kan tashoshin da aka yi ta ambato a Geregu ta Jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom, ko da sun tabbata, mai ginin zai zo ne da makamashinsa a hannu.

Kada ɗan uwa ya ɗauka talakawan ƙasashe kaɗai wannan ƙangi ya kama. Amurka ce ta fara tace yuraniyom a duniya. A 2008 kamfaninta na USEC ya nemi gwamnati ta tsaya masa ya ciyo bashin dala biliyan 2 don kammala sabuwar masana'anta a Piketon ta Jihar Ohayo. Gwamnati ta ƙi, bankuna kuma suka ce ba za su bayar ba sai gwamnati ta tsaya. Ana cikin wannan ja-in-ja sai haɗarin Fukushima ya auku a Japan a watan Maris na 2011, aka rufe tashoshi da dama, farashin tacewa ya yi ta zubewa har a 2018 bai kai sulusin yadda yake a 2009 ba. A 2014 USEC ya karye. Shi ma Areva, wanda gwamnatin Amurka ta yi wa alkawarin lamunin dala biliyan 2 a 2010 don gina tasa a Jihar Idaho, ya ajiye aikin, har lasisin ya tafi a banza. Ƙarshenta ƙasar da ke sa wa duniya takunkumi ta wayi gari tana sayen kusan rubu'in makamashin tashoshinta daga Rasha. A watan Mayun 2024 ne ta yi dokar hana shigo da shi, amma ta bar wa kanta ƙofa har ƙarshen 2027, sannan ta ware dala biliyan 2.7 daga baitulmali don ta da masana'antun gida. Idan 'yan kasuwar Amurka sun ja da baya sai da gwamnati ta zuba kuɗin jama'a, wane banki ne zai yi wa Agadas abin da bai yi wa Ohayo ba?

Sai maganar Iran, wadda matasa suka fi son kawowa. Tarihinta ya fi yadda ake ba da shi ɗaci. A 1974 Sarki Muhammad Riza Pahlawi, lokacin yana ɗan gaban goshin Turawan Yamma, ya ranta wa Faransa dala biliyan 1 don gina masana'antar Eurodif a Tricastin, Iran ta samu kashi 10 na hannun jari da haƙƙin kashi 10 na abin da za a tace. Bayan juyin 1979 sabuwar gwamnati ta dakatar da shirin nukiliya na wani lokaci ta nemi kuɗinta, Faransa ta riƙe. Aka shafe fiye da shekaru goma ana shari'a da tsamin dangantaka, sai a 1991 aka sasanta a kan kimanin dala biliyan 1.6. Hannun jarin ya ci gaba da zama a takarda, amma da Iran ta dawo tana neman rabonta na yuraniyom, ba a ba ta ba. Ga mai kuɗi a hannu, ya biya, yana cikin masu kamfani, aka hana shi kayansa. Da ta koma ta gina tata a Natanz, da kuɗin man fetur ta gina, ba da bashin kowa ba, kuma abin da ya biyo baya kowa ya gani: takunkumin shekaru, kashe masana, har ruwan bama-bamai a kan Natanz da Fordo a watan Yunin 2025. Dalili shi ne na'urar da ke kai yuraniyom kashi 5 ita ce dai ke iya kai shi matakin makami, shi ya sa manyan ƙasashe suka yi wa fasahar ƙawanya, duk da cewa yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda Nijeriya ta sa wa hannu tun 1968, ta amince wa kowace ƙasa amfani da nukiliya don zaman lafiya. Rashin adalci ne ƙarara waɗanda suka tara dubban makamai su zama alƙalai. Amma mai ba da bashi ba ya auna adalci, haɗarin kuɗinsa yake aunawa. Shi kansa Bankin Duniya tun bashin da ya ba Italiya a 1959 bai sake sa kuɗi a tashar nukiliya ba, sai a watan Yunin 2025 ya ce ya janye haramcin.

Ba sai an je nesa ba ma. Haƙar kanta, wadda ta fi tacewa sauƙi da arha, kuɗinta na gagara. Areva ya karɓi filin Imouraren a 2009 da alkawarin zuba sama da yuro biliyan 1, ya dakatar da aiki a 2014 da farashi ya faɗi, gwamnatin Nijar ta ƙwace lasisin a watan Yunin 2024. Mahaƙar Dasa a yankin Agadas, wadda kamfanin Global Atomic na Kanada ke da kashi 80 a ciki, gwamnatin Nijar kuma 20, ta shafe 2024 da 2025 tana jiran amincewar wani bankin raya ƙasa na gwamnatin Amurka a kan bashin dala miliyan 295, ranar fara fitar da kaya tana ta gusawa. Shi kuma garin da Somair ya tara, rufe iyakar Benin ya toshe masa tsohuwar hanya, sannan a watan Satumbar 2025 kotun sasanta rikicin masu zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya ta umarci Nijar da kada ta sayar da wanda ake jayayya a kansa. Miliyan 295 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na kuɗin masana'antar tacewa.

Mutumin Dutsin-Ma ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan yadda babban aiki ke mutuwa a tsaye, yana da Zobe a bayan gida. An kammala wannan dam a kan kogin Karaɗuwa a 1983, zamanin Shagari, da nufin ba Katsina ruwan sha da shayar da kimanin hekta 8,000 na noman rani. An samu kuɗin tare ruwa, aka rasa na kai shi inda ake buƙata. Yaron da aka haifa a shekarar da aka gama dam ɗin sai da ya kai shekara 38 kafin Shugaba Buhari ya zo a watan Yulin 2021 ya buɗe kashin farko na aikin ruwan sha. Shekaru aru-aru mafi yawan filin da aka yi wa alkawari bai ga ɗigon ruwan dam ba, samari na tafiya ci-rani Legas da Fatakwal suna barin tafki cike a gida. Haka fankokin lantarki 37 na Lambar Rimi, aikin megawat 10 kacal da aka faro tun 2005 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka shafe fiye da shekaru goma ana ɗage ranar kammalawa, musamman bayan sace injiniyan Faransa da ke aikin a watan Disambar 2012. Cutar ɗaya ce: ana samun kuɗin ɓangaren da ake yanka kwangila a yanke ƙyalle, a rasa na ɓangaren da zai sa aikin ya biya kansa.

Bambancin shi ne dam yana da haƙuri. Ko an yi watsi da shi shekara arba'in ruwansa na nan, masunta na kama kifi, makiyaya na shayar da dabbobi. Masana'antar tacewa ba ta da wannan haƙurin. Idan aka tsaya a rabi, abin da zai rage shi ne gini da bashi mai haihuwa duk wata. Ko an gama ta, na'urorinta ba sa son a ɗauke wuta. Sababbin ba sa cin lantarki da yawa kamar tsohuwar Eurodif, wadda ke lashe wutar tukwane uku cikin huɗu na tashar Tricastin, amma suna son wadda ba ta ƙiftawa, abin da babban layin lantarkin Nijeriya, mai durƙushewa sau da dama a shekara, bai taɓa lamunce wa kowa ba.

Don haka duk ɗan siyasa ko mai kakin da ya tashi yana buga ƙirji da masana'antar tace yuraniyom ba tare da ya faɗi mai saye da mai ba da jari ba, yana sayar wa matasa mafarki ne, kuma yana kawar da idonsu daga abin da hannu zai iya kaiwa. Abin da ke gaban Nijar a zahiri shi ne ta sayar da garin nan a farashin gaskiya ga fiye da mai saye ɗaya, a buga yarjejeniyoyin kowa ya gani, a san inda kuɗin ke shiga, kada a yi gudun gara a faɗa wa zago, a kori Faransa a miƙa wuya ga Rasha a ɓoye. Akwai kuma tulin sharar mai guba, kimanin tan miliyan 20, da aka bari a Akokan bayan rufe Cominak a watan Maris na 2021, wadda mutanen garin ke maƙwabtaka da ita. Wannan haƙƙi ne da za a bi tun kafin a yi zancen wata sabuwar masana'anta.

A Nijeriya kuwa, hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa an kafa ta tun 1976, amma abin da za a iya nunawa da yatsa shi ne 'yar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda Sin ta ƙera aka kunna a 2004 da ƙarfin kilowat 30. A 2018 aka canja mata makamashi, aka mayar da tsohon Sin, sabon ma daga can ya zo. Ƙarama ce, amma a kanta ɗalibai ke koyon aikin da hannunsu, kuma ƙofar a buɗe take ga yaron Kurfi da ya riƙe lissafi da kimiyya a sakandare, ya wuce Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Kuɗi ana rantowa, na'ura ana sayowa idan an yarda a sayar, amma mutanen da za su karanta yarjejeniya su gane inda aka ɓoye ƙaya, waɗannan sai an raine su a gida.

Idan lokacin kamfe ya zo, masu neman kujera suka sauka a Dutsin-Ma da Kurfi da jerin motoci, akwai tambayar da matashi zai iya yi wadda amsarta ba ta buƙatar izinin Paris ko Washington: cikin hekta 8,000 da aka yi wa alkawari a 1983, nawa ne ruwan Zobe ke kaiwa a rani, kuma a wane shafi na kasafin kuɗi aka rubuta kuɗin haƙa hanyoyin ruwa zuwa sauran?